Maƙogwaron Kande

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Ban rubuta sunanta ba. Da wannan zan buɗe littafin nan, don in na mutu wani ya tsince shi, shi zai fara cin karo da shi.

Da ajami nake rubutu. A gidan nan daga ni sai ƙanwata Hafiza, ita kuma karatunta bai wuce lambar waya ba. Masu shigowa bincike kuwa, in sun gani za su ɗauka laya ce.

Shekarata saba'in da ɗaya. Na yi talatin ina naɗar sauti a gidajen biki da na'ura a kafaɗa, na yi ashirin a shagon kaset a kasuwar Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum, har kaset ya mutu ya bar ni. Shekara huɗu da suka wuce Husam, mai wani shafin kiɗa a intanet, ya tarar da ni wurin mai shayi ina zagin wata ƙungiya. Ya ce, "Ammu Zubairu, zagin nan asara ne a iska. Rubuta mini shi." Tun daga ranar nake sharhin kiɗan yaran nan masu gita, pank da rok da wanda suke kira indi, wato wanda ba kamfani a bayansa, sai ɗakin uwar wani da katifa a jikin taga. Tsoho mai farin gemu yana sauraron ihu. Abin ya ba mutane dariya.

Ranar Talata sharhina ya fita a kan albam ɗin Zinki, 'yan pank huɗu da ba wanda ya san su. Baƙin ƙyalle suke rufe fuska da shi, ba sa wasa sai a rufaffen gida, a ƙofa ake karɓe wayoyi. Ranar Alhamis Mawahib, 'yar Salahuddin tela na unguwarmu, ta fita zuwa jami'a ba ta dawo ba. Mai shayin bakin titi ta ce mota ce marar lamba, da mutum uku a ciki.

Talata, Alhamis. Ni dai ban rubuta sunanta ba.

Lahadi, bayan la'asar

Hafiza ta sa na karanta mata sharhin. Tana tsinke ganyen mulukhiyya na miya ina karantawa, har na zo wurin:

"Wannan maƙogwaro na san shi. Jinin Kande ne, zabiyar da ta aurar da rabin Hausawan Umdurman. Allah ya ji ƙan Kande, ba ta mutu ba."

Ta ajiye ganyen.

"Yaya, jikoki nawa Kande ta bari?"

Na ce maza shida.

"Mata fa?"

Na ce ɗaya, Mawahib.

"To da ka ƙarasa ladanka ka sa lambar gida. Ka bar bayin Allah da wahalar tambaya."

Na ce mata a wurinmu ba a yabon mutum shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo. Kakarmu ko miya ta yi mata daɗi, sai ta faɗi wadda ta koya wa mai girkin, da garin da suka taso kafin su kamo hanyar Makka su tsaya a nan. Haka aka rene ni. In yabi murya in bar tushenta? Ai rabin yabo ke nan.

Hafiza ta ce, "Je ka faɗa wa uwarta haka."

Waƙa ta huɗu ce ta jawo. Waƙar tsinkar auduga ce ta Jazira, wadda Kande ta zo da ita tun tana budurwa, ana zagin mai duba gona a kan doki. Wa ya shigo gona da takalmi, wa ya ƙirga yaranmu da safe, da yamma ƙirga ba ta cika ba. Yarinyar ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Gudu kawai ta ƙara mata ninki uku, ta ɗora a kan gita mai ƙarar injin niƙa, ta tsage maƙoshi. A bana ba sai an gaya wa kowa wane ne mai takalmi ba.

Da na ji ta karon farko sai da na tashi tsaye daga kan gado, ni kaɗai a tsakar gida. Shekara goma sha biyar rabona da wannan muryar.

Litinin, 7 ga Nuwamba, azahar

Ba labari.

Talata, 8 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je shagon Salahuddin. Sau uku na wuce ƙofar, har mai raksha na kusurwa ya leƙo daga keken hayarsa ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Bai tsayar da keken ɗinki ba. Jallabiyya yake ɗinkawa, sai na lura layi ɗaya yake bi yana komawa, zare a kan zare. Ɗan Kande ne na fari. Ni na naɗi bikinsa.

Na yi sallama. Ya amsa, ya ce, "Kawu, zauna."

Na ce na zo ne in ce...

Ya ce, "Ni da na haife ta ban san tana waƙa ba. Uwarta ba ta sani ba. Shekara uku tana cewa karatu take zuwa yi gidan ƙawa. Kai ka sani."

Na ce ban sani ba, kunne ne kawai.

"Allah ya ƙara wa kunnen lafiya, Kawu."

Ya aika aka kawo mini shayi. Da ya zage ni da na sha shi da daɗi. Na zauna har ya huce, na tashi. Ina fita ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ta iya?"

Na ce ta fi duk wanda na ji a shekara huɗu.

Ya ce, "To," keken ya ci gaba.

Laraba, 9 ga Nuwamba, bayan la'asar

Husam ya sauke sharhin daga shafi. Na ce madalla, yanzu sai a je a sauke shi daga kan waɗanda suka karanta.

Ya zo mini da sabon albam, ya ce, "Ammu, ma'alesh, yi haƙuri, shafi ba ya tsayawa. In muka yi shiru za su ce da gangan muka yi." Wata ƙungiya ce, Shayi Barid, 'ya'yan masu gidajen bene na Khartum. Waƙa tara, duka da Turanci, duka a kan wata yarinya da ba ta amsa saƙo ba.

Ƙa'idata ita ce ba na sharhi sai na saurari abu sau uku. Na farko a kwance a tsakar gida. Na biyu a cikin motar haya ana tsallaka gada zuwa Suk al-Arabi, abin ji a kunne, don kiɗan da bai iya ƙetare hayaniyar yaron mota ba bai isa komai ba. Na uku da lasifika, Hafiza tana girki. In ta tsine, albam ɗin yana da rai. In ba ta ce komai ba, gawa ne.

Ba ta ce komai ba.

Na rubuta: mai gitarsu ya sayi kayan aiki masu kyau, Allah ya kawo wanda zai yi amfani da su. Mai ganga yana dukan fata kamar yana tsoron ta kai ƙararsa gida. Mawaƙin yana kuka, amma daga ji ya ci abincin rana.

Ba laifinsu ba ne. Ba wanda zai aiko musu mota, shi ne abin da ba zan yafe musu ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, azahar

Zanga-zanga ake yi. An rufe gadoji, an tokare su da manyan akwatunan ƙarfe. An yanke intanet. Barkonon tsohuwa ya shigo har tsakar gida, Hafiza ta rufe tukwanenta tana tari tana zagi.

Mako ɗaya.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

Liman ya yi addu'a ga "'yar ɗan'uwanmu da ke cikin ƙunci." Shi ma bai faɗi sunanta ba. Kowa ya iya wannan dabarar sai ni, ko kuwa in ce ni na fara ta.

A sahu an bar mini fili dama da hagu, kamar mai ƙaiƙayi. Shekara huɗu dattawan nan suna mini dariya, wai Zubairu ya tsufa ya koma bin 'yan iska masu gita. Yau ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce a bayana, ba a hankali ba, "Shi ya nuna ta."

Nuni da yatsa ake yi. Ni yabo na yi.

Asabar, 12 ga Nuwamba, safe

Na sake sa albam ɗin. Na tsallake ta huɗu.

Litinin, 14 ga Nuwamba, la'asar

Uwarta ta zagaya ofis biyar da kwanon abinci. Ko'ina ana cewa ba wannan suna a littafi. Da yamma ta dawo da kwanon, ta juye wa almajiran... a'a, ta juye wa kajin maƙwabta, don ta ce ba bakin mutum da zai ci shi. Hafiza ce ta ba ni labari. Ita tana shiga gidan. Ni ba a hana ni ba, ba a kuma kira ni ba.

Sauran ukun Zinki sun watse. Husam ya ce kada in tambayi ina. Na ce ai ko ka faɗa mini... Ya dube ni. Na haɗiye sauran.

Talata, 15 ga Nuwamba, hantsi

Kakarmu in tana tatsuniya ta ga mun tsorata ƙwarai, sai ta tsaya ta ce, to bari mu koma baya, ashe yarinyar ba ta bi wannan hanyar ba. Ta sauya labarin a gabanmu, ba kunya. Muna ihu muna cewa Kaka ba haka kika ce ba, tana cewa bakina ne ko naku?

Ita nake ta tunawa tun safe. Ban san dalili ba.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, bayan azahar

Husam ya zo da wata lauya, Ustaza Layla. Gajeriya ce, tana magana tana duba agogo. Ta ce wata da aka saki shekaranjiya ta ga Mawahib. Tana da rai. Mawahib ta ƙi cewa ita ce mai waƙar, ta ƙi cewa ba ita ce ba.

Ta ce, "Ya Hajj, ba su da hoto, ba su da shaida. Takarda ɗaya ce a cikin fayil ɗin, an buga ta, an ja layi uku da jan biro."

Ban tambaye ta wane layi ba.

Na ce zan rubuta cewa na yi kuskure. Ta ce, "Bai isa ba. In ka ce ba ita ba ce, za su ce to wace ce? Sai ka ba su wani maƙogwaron. Kana da 'yar wani da kake so ka bayar?"

Hafiza ta kawo jabana, kofinmu na nan, ta zuba wa baƙi, ta tsallake ni.

Asabar, 19 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na sauko da kwalayen kaset daga saman kabad. Ba wani abu nake nema ba, hannu ne ya rasa abin yi. Na ci karo da shi a kwali na uku: bikin gidan masu fata, 1984, Kande. Da rubutuna.

Tsohuwar na'urata tana da maɓallin ƙara gudu, wanda muke gyara kaset da shi in batir ya ja murya. Na sa. Kande ta fito a hankali, da kiɗan ƙwarya a bayanta, mata suna guɗa. Wa ya shigo gona da takalmi. Ban san abin da ya kai yatsana ba, na murɗa maɓallin har ƙarshe.

Hafiza ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Ba ka da kunya? Yarinya tana can, kai kana nan kana sa ihunta?"

Na ce ba ita ba ce. Kande ce.

Ta tsaya. Na mayar da maɓallin, tsohuwa ta dawo. Na murɗa, jika ta fito. Na mayar. Hafiza ta zauna a bakin gado, ludayin yana ɗiga a kan zanenta.

Ta ce, "Kira gajeriyar nan."

Lahadi, 20 ga Nuwamba, la'asar

Ustaza Layla ta saurara sau biyu, karon farko da ta manta da agogo. Ta ce, "Matacciya ba a kama ta."

Ga abin da zan rubuta. Cewa muryar da ke albam ɗin Zinki ta Kande ce da kanta, daga kaset ɗin da na naɗa shekara talatin da takwas da suka wuce, na kuma sayar da kofensa a shagona. Cewa wasu yara marasa mawaƙi suka tsince shi, suka ƙara masa gudu, suka ɗora gita. Cewa waƙar ta zagin mai doki ce na zamanin auduga, ba ruwanta da bana. Cewa sauran waƙoƙin ma daga irin kaset ɗin aka yanko su, ni ne ban duba ba. Cewa ni tsoho ne, kunnena na hagu ya mutu, na dama yana jinya, na ji kaka na ce jika.

Husam ya ce, "Ammu, in ka rubuta wannan ba wanda zai sake yarda da sharhinka."

Na ce da ma yarda ce ta kawo mu nan.

Abin da ban faɗa masa ba, ba kunnena ke damuna ba. Albam ɗin ne. Waƙa goma sha ɗaya, shekara uku tana ƙarya tana fita tana yin su. Sharhi na farko ya ɗauke ta daga titi. Na biyu zai ɗauke ta daga cikin albam ɗinta.

Litinin, 21 ga Nuwamba, safe

Na rubuta. Shi ne mafi kyawun Larabcin da na taɓa yi. Ƙarya tana son ado.

Laraba, 23 ga Nuwamba, bayan magariba

Jami'an tsaro sun kira ni. Na tsallaka gada da kaset a aljihun jallabiyya, na'ura a cinya. Gini ne a Khartum marar allo a ƙofa, da bishiyar darbejiya da ba a share ƙarƙashinta.

Mutumin bai kai arba'in ba. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce, "Ustaz Zubairu! Wallahi sharafi ne." Ya ce yana karanta ni tun sharhi na farko. Ya karanto mini da ka abin da na rubuta bara a kan wani mai gita, wai yana riƙe ta kamar an ba shi ajiyar jaririn maƙwabta. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce na Shayi Barid na yi musu tsanani, albam ɗinsu na biyu zai fi.

Shekara huɗu ina tambayar Husam ko akwai mai karanta ni har ƙarshe. Ga shi.

Na sa kaset. Na murɗa maɓalli. Ya sa albam daga wayarsa. Ya rufe ido yana saurare kamar mai sani, kuma ya sani, abin haushin ke nan. Ya ce, "Sharhi ɗari biyu da sha biyu, ban taɓa ganin kunnenka ya faɗi ba."

Na ce tsufa ba ya aiko da takarda kafin ya zo.

Ya ce, "Kama ta yi yawa. Jini ke nan ko?"

Na ce ba kama ba ce, mutum ɗaya ce.

Akwai wani abu a gefen teburin, an lulluɓe shi da koren ƙyalle. Ya jawo shi tsakaninmu. Ya tambaye ni ko ina da alwala.

Ina da ita.

Ya riƙe kaset ɗin, ya ce na fayil ne. Shi kaɗai ya rage. Ban taɓa sayar da kofe ba, Kande ta hana, ta ce waƙar gona ba ta kasuwa ba ce.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, asuba

Na yi salla. Ban san ko an karɓa ba.

Asabar, 26 ga Nuwamba, azahar

An fara zagina a ƙarƙashin sharhin. Kurma. Tsohon banza. Wani yaro da na taɓa yabon albam ɗinsa ya rubuta cewa da ma ya daɗe yana shakkar kunnena. Wannan na yarda da shi, yabonsa da na yi shi ne shaida.

Ba labari.

Litinin, 28 ga Nuwamba, la'asar

Ba labari. Hafiza ta zuba mini jabana yau ba tare da na roƙa ba. Na ji tsoro.

Talata, 29 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

An sauke ta a Suk al-Arabi, wajen tashar motocin Umdurman. Ba takalmi. Wani direba ɗan unguwarmu ya gane ta, ya sauke fasinjojinsa ya kawo ta har ƙofa.

Na ji guɗa daga nan. Ban je ba.

Juma'a, 2 ga Disamba, hantsi

Husam ya zo yana kunya yana murna, ya rasa wadda zai ɓoye. Albam ɗin ya tashi. Shafukan Alƙahira da na Turai sun ɗauka: tsohuwar da ta mutu shekara goma sha biyar tana pank. An zana hoton wata tsohuwa da gita, ba ta ko yi kama da Kande ba, an fara buga shi a riguna. Wata jarida tana son hira da ni, mutumin da ya naɗi muryar.

Na ce ka gaya musu kurma ne.

Ustaza Layla ta aiko da saƙo. Fayil ɗin ba a rufe shi ba, an ajiye ne. Ranar da aka ji wannan muryar daga bakin mai rai, a biki ne ko a ɗaki, za a buɗe, kuma wannan karon da sunana a ciki, da na ubanta da aka kira daga baya ya sa hannu ya tsaya mata.

Lahadi, 4 ga Disamba, bayan la'asar

Ta zo.

Ina kwance a tsakar gida na ji sallama. Ta rame. Ta ja mayafi har goshi, ban duba abin da ke ƙarƙashi ba. Hafiza ta rungume ta tana kuka, ita kuwa ta tsaya kamar itace har aka sake ta. Ta zauna a kan tabarma, ba ta gaida ni ba. Tun tana rarrafe take ce mini Kaka, tana jan gemuna ina cewa zan kai ta ƙara.

Ta ce, "Kaka, an ce ka kurmance."

Na ce haka takarda ta ce.

"Sun karanta mini na farkon. Kullum da safe, kamar wuridi. Na haddace shi. Ka san me na lura? Layi arba'in da ɗaya. Mai ganga ya sami shida. Mai gita takwas, har da zagi. Ni na sami uku, ya'ni, ukun ma na Habboba ne."

Haka suke kiran kaka, yaran yanzu. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ba haƙuri na zo karɓa ba, Baba ya ce an riga an yafe, khalas. Tambaya ce. Ka taɓa ji na? Ko ita kake ji tun farko?"

Na ce yarinya, ai ke ce...

"Sa shi."

Hafiza ta ce, "Mawahib, maƙwabta."

"Muryar matacciya ce, Gwaggo. Kowa ya san haka. An rantse."

Na sa. Muka zauna mu uku, waƙa goma sha ɗaya, minti ashirin da shida. Ban tsallake ta huɗu ba. Ita ƙasa take kallo, yatsanta yana bugun tabarma, leɓenta a rufe gam. Ni kuma ina aikin da ya kamata in yi tun watan jiya: ina ture Kande gefe, tana dawowa, ina turewa. Da wuya. Tsohuwar ba ta taɓa yarda ta bar fili ba ko tana da rai.

Da ya ƙare ta ce, "To?"

Na ce a waƙa ta shida, baiti na ƙarshe, numfashinki ya yanke kafin ki kai. Kika haɗiye kalmar, kika ƙarasa da tari, ba ku goge ba. Kande ba ta taɓa yin haka ba. Shekara ashirin ina binta da na'ura, numfashinta bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya.

Ta ɗago karon farko.

"Sau tara muka naɗe ta. Wannan ce mafi kyau. Zazzaɓi nake yi ran nan."

Na ce ya fito. Kuma shi ne wuri mafi kyau a albam ɗin.

"Da gaske, ko yabon tsofaffi?"

Na ce na daina yabo.

Ta ɗan yi wani abu da baki, ba dariya ba ce amma hanyarta ce. Ta ce, "To wannan tarin dai nawa ne. Rubuta."

Na ce ba zan iya ba.

"Na sani."

Ta tashi, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce gobe za ta koma jami'a, in malamai sun yarda. Hafiza ta ce ta tsaya ta ci abinci. Ta ce maƙoshinta yana ciwo.